Darasi na 14: Ruwa Ya Sanyaya Furosesa, Wa Zai Yi wa Maƙwabtansa Fifita?

A darasin da ya gabata mun ɗaura na'urar sanyaya furosesa da ruwa, mun ga famfonta, da bututanta biyu, da lagiretonta mai kama da na mota. Yau za mu leƙa wani lungu na madabod da ruwan nan ba ya kaiwa. Ana so kafin mu tashi kowane ɗalibi ya iya nuna sashen rage wuta da yatsansa, ya auna zafinsa, ya kuma san abin yi idan zafin ya wuce kima.

Wani matashi mai shagon tace bidiyon biki a nan Dukawuya, daura da titin da ya miƙe zuwa Kabuga, ya taɓa shigowa ajinmu na yamma cikin watan Afrilu, ransa a ɓace. Ya daɗe yana tari kafin ya haɗa kwamfutarsa.

"Malam, wallahi an cuce ni. Na sa mata mai ruwa, mai fanka uku. Furosesa ba ya wuce digiri 70. Amma da na fara fitar da bidiyo, kafin minti goma sai ta koma tafiyar hawainiya. Jiya ma ɗif ta ɗauke, ga dangin amarya sun tasa ni gaba."

Na ce masa, "Ɗauko ta mu gani, ɗan samari, kafin ka je ka ci kwalar wanda ya sayar maka."

Da ya kawo ta, muka tarar ba wanda ya cuce shi. Furosesan lafiya lau, na'urar ruwan tana aikinta. Abin da ke ƙonewa yana gefe, tazarar yatsa biyu kacal daga inda ruwan ke wucewa.

Abin da ke gefen furosesa

Kwantar da akwatin kwamfuta, ka cire murfin gefe, ka kalli madabod. Furosesa yana tsakiyar rabin sama. Hagu da shi, da kuma samansa, za ka ga wasu 'yan curi masu kusurwa huɗu, baƙaƙe ko masu ruwan toka, a jere kamar dunƙulen magi. Waɗannan koyil ne, wato waya ce naɗaɗɗiya a cikin rufi. Kusa da su akwai kafasita, masu kama da ƙananan gwangwanaye. A bayansu kuma, yawanci ƙarƙashin wani ƙarfe na alminiyam, akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi shafaffu da ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, su ne mosfet. Taron waɗannan duka, da wata ƙaramar ƙwaya mai ba su umarni, shi ake kira VRM. Mu a ajin nan za mu riƙa ce masa sashen rage wuta.

Aikinsa irin na taransifomar unguwa ne. Layin KEDCO yana zuwa da bolt 11,000, taransifoma ta rage shi zuwa bolt 230 da ke shiga gidajenmu. A cikin kwamfuta, akwatin wuta ya sake rage 230 ɗin zuwa bolt 12, ya tura ta wata waya mai baki takwas da ke shiga kusurwar sama ta madabod. To furosesa ba ya iya shan bolt 12, nan take zai ƙone. Abin da yake so bai wuce bolt 1.2 zuwa 1.4 ba. Mosfet su ke wannan ragi na ƙarshe, ta hanyar kunna wutar da kashe ta sau dubu ɗari uku ko fiye a cikin daƙiƙa guda, sannan koyil da kafasita su daidaita ta, ta isa furosesa a natse.

Yanzu ku ɗauki biro, akwai ɗan lissafi. Wat shi ne bolt sau amfiya. A ce furosesa yana cin wat 200 a kan bolt 1.25. Raba 200 da 1.25, za ka samu amfiya 160. Dutsen guga mai wat 1,000 a wutar gida bai kai amfiya biyar ba. Ga ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, amfiya 160 na ratsa shi. Kada wani ya ce wat 200 ƙari ne: Intel ta rubuta wa Core i9-13900K wat 253 idan ya buɗe wuta, Ryzen 9 7950X na AMD kuma yana iya jan wat 230.

Duk mai rage wuta yana cin ladarsa. Sashe mai kyau yana isar da wajen kashi 90 cikin ɗari na abin da ya karɓa, sauran ya zama zafi a jikinsa. Domin ya ba furosesa wat 200, sai ya karɓi wajen 222. Wat 22 ɗin nan ba ya zuwa ko'ina, yana nan kan mosfet da koyil. Ƙaramin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi wat 25 ne zuwa 30. Ke nan kusan akwai irin wannan ƙarfe a kunne cikin akwatinka duk lokacin da kake fitar da bidiyo.

Shi ya sa ba a barin mosfet ɗaya da kayan. Ana raba aikin layi-layi, kamar yadda 'yan dako ke raba buhunan mota. Amfiya 160 a kan layi takwas, kowanne ya ɗauki 20. A kan layi huɗu, kowanne 40. Sai dai zafin da wuta ke haifarwa idan tana ratsa abu ba ya tafiya daidai da ita: idan amfiya ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Kuma mosfet, yadda yake ƙara zafi haka yake ƙara tauye wutar, sai zafin ya sake ƙaruwa. Ƙirga koyil zai ba ka hasashen yawan layukan madabod ɗinka, amma kada ka rantse a kai, don wasu kamfanoni suna jera koyil biyu a layi ɗaya, wasu layukan kuma ba furosesa kaɗai suke ciyarwa ba.

Albarkacin kaza

Tuna fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesa, irin ta Intel mai zagaye ko Wraith ta AMD. Tana zaune a kan furosesa tana hura iska ƙasa. Iskar ta bugi madabod ta fantsama ko'ina, ta bi ta kan koyil da mosfet. Ba don su aka yi ta ba, albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Masu ƙera madabod, musamman masu araha, sun daɗe suna dogaro da wannan iska ta alfarma.

Ranar da ka cire fankar ka ɗora famfon ruwa, kaza ta tashi, an ɗauke kasko. Famfon ba ya hura komai. Ya kwashi zafin furosesa ya kai shi lagireto can gaban akwati ko samansa, ya bar kewayen furosesa tsit, ba motsin iska, kamar ɗakin da aka toshe tagoginsa.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta kama abokinmu mai bidiyo. Fankokin akwati yawanci an saita su ne su bi zafin furosesa: ya yi zafi su ƙara gudu, ya huce su lafa. Tunda ruwa ya riƙe furosesa a digiri 65 ko 70, sai madabod ya ɗauka komai lafiya, ya bar fankokin suna juyi a hankali. Furosesa kuma, ganin yana cikin sanyi, sai ya ƙara jan wuta ya daɗe yana gudu. Aiki ya ƙaru a kan sashen rage wuta, iska ta ragu. Idan zafinsa ya kai iyaka, sai ya aika wa furosesa saƙon ya sassauta, gudun ya faɗi warwas, wani lokaci daga gigahaz biyar zuwa ƙasa da ɗaya. In hakan bai isa ba, kwamfuta ta kashe kanta. Madabod mai arhar gaske wanda ba shi da wannan kariya, shi ne wanda kan yi tartsatsi, ka ji ƙauri.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A 2017, da Intel ta fito da madabod na jerin X299, wani Bajamushe masanin ƙure gudun kwamfuta, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya nuna a YouTube yadda sashen rage wuta na wasu tsadaddun madabod ke haura digiri 100 idan an matsa wa furosesa. Laifin da ya gani shi ne an mai da ƙarfen shan zafi kayan ado, curi sumul mai kyan gani wanda ba shi da tsage-tsagen da iska za ta ratsa. Bayan wannan surutu ne aka fara ganin tsage-tsage sun dawo a madabod da dama. Ni dai har yau idan na ga ƙarfe mai sheƙi da fitilu kala-kala, an lulluɓe rabinsa da roba, ba na saurin yarda da shi.

Zafin Kano ba na ɗakin gwaji ba ne

Ku riƙe wannan da kyau: ruwan kwamfuta ba ruwan randa ba ne. Randa tana sanyi ne saboda ruwa na tsattsafowa ta jikin ƙasar yana bin iska, yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwanta ke fin ɗaki sanyi. Na kwamfuta a rufe yake ruf, jigilar zafi kawai yake daga wuri zuwa wuri. Ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki ba. Haka ma iskar fanka.

Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka, waɗanda muke kallo a intanet kafin mu sayi kaya, suna gwajinsu ne a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. A Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan kai digiri 40 har ya ɗara. Shagon bulo mai rufin kwano, ba silin, an ɗauke wuta, ƙaramin janareta ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya san yadda cikinsa yake da azahar. Duk lambar da ka gani a gwajinsu, ka ɗora mata 15 zuwa 20. Madabod da aka yaba don ya tsaya a 85 can, a nan ya haura 100. Wanda ke aiki a tsohon soron ƙasa mai kaurin bango a cikin birni ya fi mai shagon kwano na bakin titi sa'a a wannan fanni, kuma bai biya ko kwabo ba.

Mosfet kansa yana da juriya, yawanci an rubuta masa digiri 125 zuwa 150. Mai saurin gajiya shi ne kafasita. Irin mai ruwa a ciki sau da yawa an rubuta masa awa 2,000 a digiri 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka kwanansa. A 85 zai yi awa 8,000, a 65 kuma 32,000. Ga mai aikin awa goma kullum, wannan bambanci ne tsakanin wata bakwai a 105 da kusan shekara tara a 65. Kafasita na zamani marasa ruwa sun fi haka ƙarko nesa, amma su ma zafi ne ke cin kwanansu.

Sai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Laushinta kamar garin fulawa, tana shiga tsage-tsagen lagireto da na ƙarfen shan zafi ta zauna kamar bargo. Abin takaicin, tana taruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da sanyi ke rufa mata asiri, sai bazara ta shigo ta tarar da komai a toshe.

A auna kafin a taɓa aljihu

Sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce. Buɗe sashen ma'aunai, ka gangara wajen sunan madabod ɗinka, ka nemi layin da aka rubuta VRM ko MOS. Sa wa kwamfutar aikinta na gaskiya, ka fitar da dogon bidiyo, ko ka kunna manhajar gwaji ta Cinebench ta yi ta maimaitawa. Ba ta aƙalla minti 20, murfi a rufe, kuma da rana tsaka. Gwajin minti biyu da asuba yaudarar kai ne, domin furosesa cikin daƙiƙu yake zafi amma sashen rage wuta a hankali yake tarawa. Kana kallon zafin, kana kallon gudun furosesa. Idan gudu ya faɗi alhali furosesa bai kusanci 90 ba, ga ɓarawonka nan.

Ma'aunin da nake bi a aikina: ƙasa da 80, ka bar shi. Tsakanin 80 da 100, ba gaggawa amma ka ƙara masa iska. Ya wuce 100, ka tsayar da aikin ka gyara.

Wasu madabod masu araha ba su da ma'auni a wurin. Sai a yi amfani da bindigar auna zafi, a buɗe murfin baya a haska bayan madabod daidai inda mosfet suke. Kada a haska ƙarfe mai sheƙi, ƙarya zai faɗa. Kuma irin wadda aka riƙa ɗora mana a goshi a ƙofar banki lokacin korona a 2020 ba ta yin wannan aiki, ta zafin jikin mutum ce. Yatsa ma ba ma'auni ba ne. Wurin ya isa ya tashi bororo, ga kuma wuta a kunne.

Gyara, daga mai sauƙi

Fara da wanda ba ya cin ko sisi. Shiga BIOS, ka nemi saitin fankokin akwati. In madabod ya yarda, ka ce su bi zafin VRM maimakon na furosesa. In bai yarda ba, ka ɗaga mafi ƙarancin gudunsu zuwa kashi 50 ko 60. Za ka ji ɗan ƙarin ƙara, amma a shagon da janareta ke ruri a bakin ƙofa wa zai lura?

Sannan ka duba hanyar iska. Akwati yana son mashiga da mafita, kamar yadda ganuwa ba ta da amfani ga mazauna birni sai da ƙofofi. Iska ta shiga ta gaba, ta fita ta baya da sama. Fankar baya mai milimita 120 ita ce mafi kusa da sashen rage wuta, kuma abin mamaki ita ce masu haɗa kwamfuta suka fi mantawa da ita idan sun ga fankoki uku na lagireto. In akwati ya ba da dama, na fi son lagireto a sama yana fitar da iska, saboda fankokinsa za su riƙa jan iska ta kan mosfet. In ka sa shi a gaba, iskar da ke shiga akwatin ta riga ta ɗumama kafin ta kai gare su.

Maganin da ya fi kowanne aiki a kan kuɗi kaɗan shi ne ƙaramar fanka mai milimita 60 ko 80, wadda ba ta wuyar samu wajen masu kayan kwamfuta a Beirut Road, ko a cire daga mataccen akwati. A ɗaure ta da igiyar roba ta ɗaure waya a jikin bututun ruwa ko ƙarfen akwati, fuskarta na kallon ƙarfen shan zafi, tazarar yatsa biyu ko uku, a jona ta a bakin da aka rubuta SYS_FAN ko CHA_FAN. Kada ɗaurin ya matse bututu. Wannan muka yi wa mai bidiyo, muka kuma ɗaga gudun fankokinsa, ya fitar da bidiyon awa biyu gudun bai faɗi ba. Kamfanoni ma dabarar da suka koma ke nan: Arctic ta dasa fanka mai milimita 40 a kan famfon Liquid Freezer II a 2019, ta ƙara girmanta zuwa 60 a Liquid Freezer III a 2024.

Idan madabod na hannu ne, tokumbo, ka kwance ƙarfen shan zafin ka duba ɗan fallen roba mai laushi da ke tsakaninsa da mosfet. Shi ke miƙa zafi. In ya bushe yana farfashewa, a sake shi da mai kauri iri ɗaya, yawanci milimita 1 ko 1.5. Mai kauri da yawa zai lanƙwasa madabod, siriri kuma ba zai taɓa ba. Man da ake shafa wa furosesa ba ya maye gurbinsa.

Akwai kuma rage wa furosesa ci. A Intel ana rage iyakokin wat da ake kira PL1 da PL2 a BIOS, a Ryzen akwai Eco Mode da ke saukar da mai wat 170 zuwa 105 ko 65. Ɗalibai ba sa son jin wannan, gani suke an rage musu abin da suka biya. Amma wat na ƙarshe-ƙarshe da furosesa ke ja ƙaramin gudu yake ƙarawa, kuma wanda ke tafiya daidai ba tsayawa yana riga mai zabura yana faɗuwa isa.

Masu haɗa bututun ruwa da kansu suna da wata hanya, wato faranti guda da ke rufe furosesa da mosfet tare, irin wanda kamfanin EK na Sulobeniya ya shahara da shi. Yana aiki ƙwarai, sai dai kowane faranti na madabod guda ne tak, ga tsada, ga jiran a kawo daga waje. Ban ga dalilin da mai shago zai bi ta nan ba. In ka nace, kada ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a layin ruwa ɗaya, za su ci juna. Kada ka zuba ruwan famfo ko na leda, sai tataccen ruwa da maganin hana tsatsa, kuma ka yi hattara da abin da ake kira ruwan batir, don wani irinsa asid ne.

Shara kuwa, a ƙarshen Fabrairu dole ne. Cire wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa sau biyu don ragowar wuta ta fita, fitar da akwatin waje, ka riƙe fikafikan fanka da yatsa kafin ka hura da bulowa. Akwatin wuta kuma ba a buɗe shi, ko a kashe yake. Ka ɗora kwamfutar a kan tebur, ba a ƙasa ba, ka bar taƙi guda tsakaninta da bango.

Aikin gida

Furosesa yana cin wat 150 a kan bolt 1.25, madabod yana da layi shida. Amfiya nawa kowane layi ke ɗauka? Idan sashen rage wuta yana isar da kashi 90 cikin ɗari, wat nawa ke zama zafi?

Wanda ke da kwamfutar tebur a gida ko wurin aiki, ya auna zafin VRM sau biyu, bayan sallar asuba da kuma ƙarfe biyu na rana, minti 20 kowanne, murfi a rufe. Ya rubuta lambobin biyu da sunan madabod ɗinsa. Wanda ba shi da ita ya zo da wuri ranar darasi na gaba, za mu buɗe ta ajin tare. Kowa ya taho da ƙaramin sukundireba mai bakin kuros.